Gwiwar Kyaftin Sauda

"Wallahi ba za ta shigo min gida ba!" in ji Inna Hure, ta buga faifai a kan ƙwarya. "Yarinya ta zo gaishe ni, ta tsaya min ƙiƙam kamar turke!"

Ɗanta Khalilu ya sunkuyar da kai. Sauda kuwa ba ta kai ga fita daga zaure ba, komai a kunnenta.

Shekara goma sha biyu ta yi a soja, har ta kai Kyaftin. Harsashin da ya same ta a daji ya sa ta ajiye kaki, ta dawo ƙauyensu a gefen Ɗambatta tana raba wa ƙungiyar manoma taki, a shekarar da gero ya gagari talaka. Akwai ƙarfe a gwiwarta ta hagu, ba ta lanƙwasuwa. Amma ta hana Khalilu faɗa, don ita, da taurin kanta, ba ta son a aure ta saboda tausayi.

"Inna, ba raini ba ne..."

"To mene ne? Sojanci? Ko ta durƙusa, ko gobe kawunka Mati ya je gidansu ya ce mun fasa auren!"

Likita ya gargaɗi Sauda kan durƙuso, amma tana son Khalilu. Ta juyo ta sake sallama.

"Sauda, don Allah kar ki..." in ji Khalilu.

Ba ta kalle shi ba. Ta dafa turmi, ta fara sauka a hankali, gumi na keto mata. Gwiwar ta ƙi. Ta matsa mata, sai azaba ta kwashe ta, ta zube a gefe. Zaninta ya janye, dogon tabon ɗinki ya bayyana.

"Innalillahi!" Inna ta yar da faifan. "Tun yaushe?"

"Shekara uku, Inna," ta ce cikin hawaye. "Ko sallah a zaune nake yi."

Idanun Inna suka cika. Ta tallabo ta, ta zaunar da ita a kan kujerarta.

"Wanda ya halicce ki ya karɓi sallarki a zaune, ni wace ce? Ki yafe min, 'yata." Ta harari Khalilu. "Kai kuma sakarai, kana kallo!"

Bayan kaka aka ɗaura aure. Inna ta koyi tambaya kafin hukunci, Sauda ta gane ɓoye ciwo ba jarumta ba ne. Har yau a tsaye take gaishe da Inna, kuma kaf ƙauyen ba mai ƙarfin halin tankawa.