Na Zauna Tsakanin Umma da Shi

"Ki cire shi, Auta. Ko shi, ko ni!"

Umma ta faɗi haka tana goge gilashinta, ko kallona ba ta yi ba. Muna tsaye a ɗan ɗakin da ke bayan dandamali, inda aka jibge kujerun roba da wayoyin makirufo. Ta jikin bango ina jin hayaniyar mutane suna cika zauren.

"Umma, an riga an sanar..."

"A nan ni Farfesa ce."



Ni kwamitin babban taron malaman kwamfuta ya ɗora wa shirya da jagorantar zaman tattaunawa na bana, kan yadda za a koya wa 'yan ajin farko rubuta manhaja. Umma ta yi shekaru a kan cewa ɗalibi ya fara da biro da takarda, sai kansa ya waye sannan ya taɓa kwamfuta. Dogo kuwa, tsohon ɗalibinta da ta riƙe kamar ɗan cikinta, ya wallafa maƙala ya ce wannan hanyar korar yara take yi daga fannin.

Shi kuma nake so. Umma ta sani, ta kuma ce ba ta haɗa zuri'a da butulu.

Ba ni na kawo sunansa cikin waɗanda za su zauna da Umma a dandamali ba. Wata abokiyar aikina ce, wadda muke kira Zuma saboda zaƙin bakinta. Ta daɗe da ƙyalla ido a kansa, kuma ta san abin da take ƙullawa. Kwamiti ya yi na'am.

"Farfesa, ba ni da ikon cire shi," na ce. "In kuma kika tafi, cewa za a yi gudu kika yi."

Ta zuba min ido har sai da na sunkuyar da kai.

"Ni? In guji yaron da na koya wa riƙe biro?"

Ta figi jakarta ta nufi dandamali.

A baranda na tarar da Dogo, ya jingina da bango, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Tauraruwata... kuka kika yi?"

"A'a."

"Bari in janye. Sai in ce kaina ke ciwo."

"In ka janye, za ta ce tausayinta ka ji. Har abada ba za ta yafe maka ba."

"In na zauna fa?"

"Ni ce ba za ta yafe wa ba."

Gaba kura, baya sayaki!

Haka na hau na zauna a tsakiyarsu, Umma a dama, shi a hagu, fitilu na dukan fuskata. Ko motsin kirki na kasa yi. In na juya wajensa, sai in ji idon Umma a ƙeyata. In na juya wajenta, sai in ji numfashinsa. Shi yana cewa "kamar yadda malamata ta koya mana", ita tana cewa "kamar yadda wasu suke rubutawa".

Da aka zo tambayoyi, Zuma ce ta fara ɗaga hannu. Da na ga hali da na tsallake ta, amma har an miƙa mata makirufo.

"Tambayata 'yar ƙarama ce," ta ce cikin murmushi. "Shin adalci ne jagorar zama ta ɗora mahaifiyarta da saurayinta a dandamali ɗaya? Taron ilimi muka zo, ko zaman sulhun gida?"

Zauren ya yi tsit. Na hango shugaban kwamiti ya ajiye bironsa yana dubana. Aikina, mutuncina, duk suna lilo.

Dogo ya kai hannu ga makirufo, na riga shi.

"Gaskiya ne, mahaifiyata ce. Shi kuma... Shi nake so. Amma kwamiti ne ya zaɓe su, kuma ke da bakinki kika kawo sunansa. Kin manta?"

Wani ya ƙyalƙyale da dariya daga baya, sauran suka biyo shi. Zuma ta zauna kamar an zare mata laka.

Umma ba ta yi dariya ba. Ta juya, karon farko, ta dube shi ido cikin ido.

"Tunda an fasa ƙwai, ni ma ina da tambaya. Ofishina a buɗe yake. Me ya hana ka zo ka faɗa min na yi kuskure, sai dai in tsinta a mujalla kamar baƙuwa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tsoro, Farfesa. Sau nawa ina zuwa bakin ƙofarki in juya... Ban kyauta ba. Amma yaran da suke guduwa daga ajin farko, har yau suna damuna."

"Kana zaton ni ba sa damuna?"

Daga nan suka kaure da muhawara ta gaskiya, ta kawo hujja ya kawo tasa, har lokaci ya ƙure ban iya tsayar da su ba.

Bayan an watse, na sami Umma a bakin matakala.

"Umma, ki yi haƙuri..."

"A gaban duniya, Auta? Ko kunya!"

Sai ta hango shi yana raɓe-raɓe a bayan ginshiƙi.

"Kai, zo ka riƙe min jakar nan, tsayinka ya yi amfani."

Ya taho har yana tuntuɓe.

"Har yanzu ba ka da gaskiya," ta ce. "Ranar hutu ka zo gida da mahaifinka. Shi zai yi maganar Auta. Ni da kai kuwa maƙalar nan za mu zauna a kai, layi-layi."

Ta yi gaba abinta.

Ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Tauraruwata, a taimaka min... biro da takarda zan taho da su, ko kwamfuta?"

Na share hawayena ina dariya.

"In kana son aure, biro!"