A Kira Gwani

Wayyo, ku matso ku ji wadda na samo yau da ɗuminta!

Wai a wani gari an yi wani gwanin kwamfuta. Aka ce ya zaɓa wa ɗakin karatun garin manhajar sikana, wato mai kwafe hoto daga takarda zuwa kwamfuta, don sababbin hannu. Guda biyu ne. Ɗaya maɓallinta guda, ɗaya kuwa maɓallai rututu kamar kiyashi. Gwani ya zaɓi mai rututun, don yana son jin ana cewa, "A kira gwani!"

Malami ya zo, a kira gwani. Tela ya zo, a kira gwani.

Ran nan gwani ya tafi biki, sai ga wata tsohuwa daga ƙauye da hoton marigayi mijinta. Shi ke nan gare ta, gara kuma ta fara cinsa, tana so a kwafe mata shi. Mutanen ɗakin karatun suka taru, wannan ya danna, wancan ya danna, shiru. Tana zaune har motar ƙauyensu ta tashi ta bar ta.

Da gwani ya dawo, ita ce ma ta miƙe tana ba shi haƙuri. "Ɗan nan, yafe mana, mu ne ba mu da kai."

Kunya ta rufe gwani, ya rasa inda zai sa ido. Ya sauya manhajar zuwa mai maɓalli guda, ya ce a hankali, "Iya, danna nan."

Ta danna da yatsa guda. Sai ga fuskar mijinta tar!

Wani ya leƙo ya ce, "A kira gwani?"

Tsohuwa ta ce, "Bar shi ya huta, na iya."

Gwani dai bai ɗago kai ba.