Ƙarfe Shida na Tsohon Agogo

Ranar Litinin, huɗu ga Afrilu, 2016, garin Omaruru ya waye da ɗan sanyi, yayyafin ƙarshen damina ya jiƙa ƙasa da asuba ya wuce. A ranar Lahadi aka mayar da agogon ƙasa baya da awa ɗaya, kamar yadda aka saba duk gabanin hunturu, wanda a ƙasar nan yake zuwa a tsakiyar shekara. Meme Veripi Kandjii, malamar lissafi, ta gyara nata tun kafin ta kwanta ranar Asabar. Ba ta ganin mutuncin wanda sai an tuna masa.

Da la'asar aka yi taron iyaye a makaranta kan ko a ci gaba da wannan sauyi ko a soke shi. Veripi na goyon bayansa, don yara su daina fitowa makaranta cikin duhun safiya. Sauran kuwa kowa da kukansa.

Tate Gariseb mai shagon nama ya miƙe ya ce, "Malama, ni dai biyar na yi duhu ya kawo kai, masu saye sun gudu gida. Wa zan sayar wa haƙarƙari? Kuraye?"

"Ka tashi da wuri mana, Tate. Rana ba ta ƙaura ba, kai ne ba ka iya karanta agogo ba."

Wata mata daga baya ta ce akuyoyinta ba su san da wata doka ba. Veripi ta dube ta ta saman tabarau, ta ce da an sani ai da akuyoyin aka gayyato, ƙila a fi saurin gamawa. Aka yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Haka aka yi ta ja har taro ya watse ba a tsayar da komai ba.

Kullum ƙarfe shida take ɗauko 'yarta Ujama, mai shekara bakwai, daga gidan Ouma Trooi, tsohuwar da ke riƙe yara bayan an tashi makaranta, a ƙetaren busasshen kogi. Ba ta taɓa makara ba. Yau ma agogon hannunta ya ce da sauran minti goma. Sai dai shidan makon jiya da rana a sama take, ta yau kuwa rana ta riga ta faɗa bayan dutse.

Mutanen ƙetare ba sa shiga kogin in shanu sun gama hayewa da yamma. Sukan ce daga nan wurin ya zama na masu shi. Veripi ta sha cewa masu shi ɗin kwalaben giya ne da 'yan iskan gari suka zubar.

Ta gangara cikin yashi. Babu iska. Warin danshi da kashin shanu ya cika wurin, itatuwan gawo sun yi baƙi ƙirin a gaɓa. Tsuntsayen da suka saba hayaniya a kyauro sun yi tsit.

A tsakiyar kogin ta ga sawu a kan jiƙaƙƙen yashi, sawun takalmin mace, dunduniyar hagu ta cinye ta waje. Ta ɗaga ƙafarta ta duba nata takalmin. Ta taka kusa da sawun. Babu bambanci.

Ta ƙara sauri.

Ouma Trooi na bakin murhu tana tuƙa tuwon masara. Da ta ɗago ta gan ta, sai ta ce, "'Yata, me kika manta?"

"Ina Ujama?"

Muciya ta tsaya a hannun tsohuwar. "Ai kin zo kin tafi da ita. Kin tsaya nan jikin wayar shinge kamar kullum, da wannan rigar. Har na ce a raina yau malama ta yi fara'a."

"Yaushe?"

"Ƙarfe shida." Ta nuna agogon da ke kan kabad. Ba a taɓa shi ba, yana nuna bakwai.

"Ke da ba ki iya juya ƙusar agogo ɗaya ba aka ba wa amanar 'ya'yan mutane," in ji Veripi, amma muryarta ta shige ciki, ko ita ba ta ji ƙarshen maganar ba.

Ouma ta miƙa mata tocila. A hankali ta ce, "Kada ki amsa idan wadda ta ɗauke ta ta yi miki magana. Yarinyar kawai za ki kira."

A bakin gaɓa ta sami sawun ya dawo, da ƙananan sawu a gefensa. Ba su haye zuwa gari ba. Sun karkata sun bi tsawon kogin, wajen da masu shanu ke haƙa ramuka a yashi don neman ruwa.

Ta bi su. Yashi na ƙara a ƙarƙashin takalminta. Can gaba ma wani na ƙara, taku ɗaya da nata.

Sai ta ji murya. Muryarta ce, ba ta da shakka, amma a sanyaye, tana tambaya, "Sai malamar zane ta ce me? Kai, ashe 'yata ta iya haka." Ƙaramar muryar Ujama na ba da amsa.

Hasken tocila ya kama su a bakin rami mafi zurfi, ƙarƙashin wani tsohon gawo. Shuɗiyar rigarta. Jakarta a kafaɗar dama. Ɗaurin gashinta. Matar ta ba ta baya, tana riƙe da hannun yarinyar. Inuwar Ujama ta kwanta a yashi. Ita kaɗai.

Warin ruwan da ya daɗe a rufe ya bugi hancin Veripi.

Matar ba ta juyo ba. Ta ce, "Shida ta yi tun ɗazu. Yarinya na tsaye jikin waya, babu kowa. Kun ajiye awa guda a hanya, na ɗauka."

Veripi ta tuna gargaɗin Ouma, ta mayar da hasken tocila kan yarinyar.

"Ki koma wajen taronki, malama. Kin fi kyau a can."

Matar ta sa ƙafa ɗaya a ramin. Yashi ya haɗiye ta har gwiwa, ba ko motsi. Ujama ta matsa taku ɗaya.

Veripi ta buɗe baki ta kira ta da lallashi, ta rasa kalmar. Abin da ya fito shi ne na kullum.

"Ujama Kandjii. Dubi safarki a idon sawu kamar 'yar bola. Ja ta sama, ki zo nan."

Yarinyar ta zabura. Ta zare hannunta don ta ja safar.

Veripi ta yi tsalle ta cafke ta a ƙugu.

Kan matar ya fara juyowa, jikin yana nan yadda yake.

Ba ta tsaya ta gani ba. Ta yar da tocila ta runtuma, yarinyar a kafaɗa, ƙaya na yagar ƙafafunta. A bayanta muryar na kira, da taushi, ba gaggawa, "Ujama, 'yar mama. Gobe ma shida."

Sai da ta taka kwalta ƙarƙashin fitilar titi ta sauke ta. Hannun da aka riƙe ya yi sanyi kamar an ciro shi daga randa.

"Ba ki ga ba ni ba ce?" in ji Veripi tana haki.

"Na gani, Mama. Tun daga gidan Ouma."

"Ta yaya?"

"Ta tambaye ni yadda na yini."

"To me ya sa kika bi ta?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Shi ya sa."

Duk hunturun nan, biyar na yi Veripi na jikin wayar shingen Ouma Trooi, ko da taro ko babu. Ba ta ba kowa labari ba, kuma ba ta daina kallon mutane ta saman tabarau ba. Amma maƙwabta sun lura tana yi wa yarinyar tambayoyi a hanya, a daddafe, kamar mai koyon sabon yare. Hannun Ujama na hagu bai daina yin sanyi da faɗuwar rana ba.

A watan Yuni ta rubuta wa ma'aikatar gwamnati da ke Windhoek, babban birnin ƙasar, layi biyu, cewa a bar agogo wuri ɗaya, kuma ba za ta ba da dalili ba. Takardar ta yi makonni a jakarta, don ba ta son a ce ra'ayinta ya zo ɗaya da na mai shagon nama. Wata ranar Juma'a a ƙarshen Agusta, Ujama ta ce ta hango shuɗiyar riga a ƙetare, tana ɗaga mata hannu. Washegari da hantsi Veripi ta manna kan sarki, ta ɗaga yarinyar sama, yarinyar ta jefa wasiƙar a akwatin gidan waya da hannunta.