Iskar da Ta Rage a Birki

A wani gari an yi wani makanike mai gaggawa. Wata rana yayansa ya kawo babur, ya ce, "Ƙanena, birkin nan ya yi laushi."

Makanike ya zuba man birki, ya shiga fitar da iskar da ke ciki. Ya matsa, kumfa ta fito. Ya sake matsawa, kumfa ta sake fitowa, alamar da sauran iska. Sai abokai suka kira shi kallon ƙwallo, ya ɗaure noti.

"Iskar ta fita duka?"

"Ta fita, Yaya."

A gangaren kasuwa birki ya ƙi kamawa, yayan ya karye. Da makanike ya je dubiya, yayan ya riƙe hannunsa, ya ce, "Kada ka damu, ai ka yi iya ƙoƙarinka."

Makanike ya sunkuyar da kai.