Kuku a Bayan Danga

Sakinatu ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗauki jaririnta, ta ajiye, ta leƙa tukunyar da ke kan murhu, ta koma ta leƙa danga. Yau kwananta arba'in da uku a gidan iyayenta da ke Auyo. Wankan jego ya ƙare, amma mahaifinta Malam Shu'ibu ya ce ba inda za ta.

Laifin mijinta Ja'afaru ɗaya ne: shi ne kukun Di'o, Baturen mulki, a barikin Haɗeja. Ranar suna, don ya burge surukai, ya zo da faranti cike da ƙananan kek masu ƙamshin shayi, kowanne da wani farin abu mai laushi a kansa. Mutane na cikin lashe yatsu sai Gwaggo 'Yar'azumi, yayar Malam, wadda ba ta taɓa barin taro ya watse lafiya ba, ta shinshina ɗaya ta buga salati.

"Man alade! Wallahi man alade ya ciyar da mu!"

Ja'afaru ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe cewa man shanu ne da sukari. Malam Shu'ibu ya ce, "Shekara hamsin ina cikin shanu, ban taɓa ganin mai ya yi fari kamar alli ba. A yi shi a gidan nan, da man shanuna, a gaban idona. In bai fito haka ba, ka ba ni takardar 'yata."

Ga shi kuma an yi wa Di'o canji zuwa Zariya, gobe jirgin ƙasa zai ɗauke su a tashar Malam Madori, har da kuku. Shi ya sa tun da hantsi Ja'afaru ya biyo kwalekwale, don ruwa ya shanye hanya, ya iso da fulawa da sukari da ganyen shayi da bekin-hoda mai sa kek tashi da gwangwanayen madara. Gwaggo ta bi su ɗaya bayan ɗaya da hanci. To amma ina aka taɓa ganin suruki ya shigo tsakar gida ya tsuguna gaban murhu a gaban uwar matarsa? Dole ya tsaya a bayan danga yana faɗa, Sakinatu na yi, ita da ko waina ba ta gama iyawa ba.

"Sakina, kin tafasa ganyen shayin a madara?"

"Na tafasa, na tace."

"Ya huce? Kar ki zuba wa ƙwai da zafi fa!"

"Malam, don Allah ka daina ruɗa ni!" ta ce wa mijinta.

Ta fasa ƙwan zabi, ta juya fulawa, ta cire ƙwallayen ɗinya ta zuba namanta a ciki. Turawa da 'ya'yan itacen gwangwani suke yi, Ja'afaru ne ya koya wa matar Di'o ɗinya har ta fi son ta. Sakinatu ta zuba ƙullun a gwangwanayen madarar, ta jera su bisa rairayi mai zafi a cikin tukunya, ta rufe, ta zuba garwashi a kan murfi.

"Minti ashirin," in ji Ja'afaru.

"Ina na ga agogo a nan?"

"To, ki soka tsinke. In ya fito ba ƙullu ya yi."

Biyu sun ƙone, shida sun tashi fam, ƙamshin shayi ya cika gida har Malam ya gyara zama a kan buzunsa ba tare da ya sani ba. Saura farin saman, wanda a kansa auren yake.

"Wancan shi ake kira ayisin," Ja'afaru ya ɗaga murya. "Ki daka sukarin ya yi laushi, ki zuba a man shanu, ki yi ta bugawa."

Gwaggo da kanta ta shiga ɗaki ta ɗauko kwalbar man da gidan ke zubawa a tuwo. Sakinatu ta buga, ta buga, ta canja hannu. Man yana nan rawaya, yana iyo a ƙwarya, sukari ya kwanta a ƙasa.

"Ya fara fari?"

"A'a!"

"Ci gaba, zai yi!"

Aka kira azahar tana bugawa. Tafin hannunta ya ɗuri ruwa, jariri na tsala kuka, zufa da hawaye suka haɗu a haɓarta. Gwaggo ta tafa hannu.

"Kun gani ko? Ni da ma na faɗa! Shu'ibu, me kake jira?"

Daga bayan danga muryar Ja'afaru ta fito. "Baba, ku yi mini rai. Aikin na haƙura da shi, jirgi ya tafi abinsa. Iyalina ne ba zan iya haƙura da su ba."

"Na riga na rantse," in ji Malam, amma bai yarda ya dubi 'yarsa ba.

Duk wannan abu Iya, mahaifiyar Sakinatu, tana gefe tana kallo. Shekara biyu da auren nan ba ta taɓa ce wa surukinta ko sannu ba, don kunya. Ita kuwa mace ce da ta tashi cikin ruga, ta san nono da mai kamar yadda ta san 'ya'yanta. Ta matso, ta tsoma yatsa a ƙwaryar, ta dubi Sakinatu.

"Ke, tambayi na bayan danga. Man da yake nufi, soyayye ne ko ɗanye?"

Bai jira an tambaye shi ba. "Ɗanye! Innalillahi, soyayye kuka sa?"

"Mu a nan in an ce man shanu ai soyayye ake miƙowa," Iya ta gaya wa 'yarta, ko kallon dangar ba ta yi ba.

Ta shiga ɗaki ta fito da curin man da ta kaɗa da safe, yana yawo a cikin nono. Ta wanke shi da ruwan randa sau uku, ta ɗora ƙaramar ƙwarya a cikin babba mai ruwan sanyi don kar zafi ya narkar da shi, ta karɓe muciya daga hannun Sakinatu. Ba a jima ba man ya fara haske. Sakinatu na barbaɗa sukari, Iya na bugawa, har ya tashi fari sol ya tsaya a jikin muciya.

Sakinatu ta shafa shi a kan kek guda, ta durƙusa ta miƙa wa mahaifinta. Malam ya juya shi, ya yi bisimilla, ya gutsura. Ya daɗe yana taunawa.

"Man saniyata ne," ya ce a hankali.

Gwaggo ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. "Yaya, ya isa haka."

Ya miƙe, ya ɗauki jikansa daga tabarma, ya zagaya bayan danga da ƙafarsa. Ja'afaru ya zube ƙasa.

"Tashi, ɗana. Kwana talatin da shida na raba ka da yaron nan a kan abin da ban gani da idona ba. Ka yafe ni. Ungo."

Ja'afaru, da rabonsa da ganin fuskar ɗansa tun ranar suna, ya rungume shi ya manta da kunyar suruki, ya fashe da kuka. Sakinatu na jin su ta cikin danga, ita ma ta rufe fuska da mayafi.

Washegari su uku suka hau jirgin Zariya. Da Ja'afaru ya yi fushi ranar da aka ci mutuncinsa a bainar jama'a, da shi kaɗai zai hau. Haƙuri ya yi, ya yarda a bincike shi, gaskiyarsa ta fito. Ku kuma iyaye, kada ku yanke wa mutum hukunci a kan maganar da aka jefa a taro. Ku kira shi ku tambaya, domin tambaya ɗaya da Iya ta yi ita ta hana a raba yaro da ubansa.