Lamba Goma Sha Bakwai

A ƙofar asibitin Kalgo Abdulgani ya fara ganin Juwairiyya, takardunta sun zube ya tsince mata. Daga ranar Abdulgani, malamin makaranta, ya rasa sukuni.

'Yar Gwandu ce, tana digirin dakta a kan damuwar matan da suka rasa 'ya'ya. Duk Talata tana sauraron su ɗaya bayan ɗaya, ta naɗi muryarsu, ta ba kowacce lamba maimakon suna.

Ranar da ya kai ta gaida mahaifiyarsa, gabanta ya faɗi. Inna Indo ce Lamba Goma Sha Bakwai, wadda ta gaya mata cikin kuka cewa bayan rasuwar ɗiyarta ta taɓa tsayawa bakin rijiya tana son faɗawa. Ba wanda ya sani a gidan.

Inna ta kau da kai. Wa ke son surukar da ta san cikinsa haka?

"Ba ka auren yarinyar ga," ta ce wa ɗanta daga baya. Dalili kuwa ta ƙi faɗa.

Ya tura saƙo: "Juwairata, me ya firgita ki da kika ga Inna?"

"Ba zan iya faɗa ba, sanyin idona. Ka yi haƙuri, ina sonka."

Gogan naku ya ɗauki fushi har wata biyu. Ta rame, ta sha kuka, amma bakinta gum.

Rannan ta je gidan ita kaɗai, ta durƙusa, ta goge muryar Inna daga na'urar a gabanta.

"Na cire ki daga bincikena, Inna. Ko ba aure, maganarki taki ce."

Babin da malamanta suka fi yabawa ke nan ya tafi.

"Shi fa, mi kika gaya mai?" in ji Inna.

"Da na gaya masa, da bai ƙaurace mini ba."

Inna ta daɗe tana kallon ta, hawaye na zuba.

"Tashi, ɗiyata. Kira min shi, ni za ni gaya mai da bakina."

Abdulgani ya ji komai, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ya nemi gafarar su biyun.

Bayan Sallah aka ɗaura aure a Gwandu. Inna ta riƙe hannun amarya ta ce, "Allah shi rufa miki asiri yadda kika rufa min."