Man Gyaɗa a Injin Bature

Fitilar babanta Tabita ta kai garejin Sabon Gari a liƙe mata. Yunana makanike ya liƙe, amma ya ƙi sakin fitilar sai da ta faɗa masa sunanta. Tun daga ranar kekensa ya haddace hanyar Samaru, inda Tabita take.

Babanta Abarshi kuku ne a gidan wani Baturen gona. Da Yunana ya turo manya, dattijon ya ce ba zai ba mai baƙin farce 'yarsa ba, ga Gregory akawu mai farar riga yana jira. Tabita ta yi kuka har ta gaji.

Ana nan Bature ya tafi hutu ƙasarsu, ya bar 'yar jar motarsa mai kujera biyu, ya ce a riƙa tayar da ita duk Asabar. Abarshi ya duba man inji ya gan shi baƙi ƙirin. To, kuku ne fa, a wurinsa man da ya yi baƙi ya ƙone. Bawan Allah ya tsiyaye shi tas, ya ɗura man gyaɗa mai kyau. A Asabar ta huɗu inji ya yi ƙauri, ya ƙame.

Saura kwana ashirin Bature ya dawo. Kora kam tabbas ce, gidan yari ma ba nisa. Gregory na jin labari ya ɗauke ƙafa.

Tabita ta aika da takarda: "Yunana nawa, Baba ba ya ci, ba ya magana. Na san abin da ya yi maka. Ka zo don Allah. Taka, Tabita."

Ya zo. Ya rataya sarƙa a reshen mangwaro, ya zaro inji, ya warware shi a kan tabarma. Mai ya daskare a ciki kamar ƙanzon tukunya. Kwana goma sha biyu yana kankara, yana wanke fistan da kananzir. Abarshi na zaune gefe, kunya ta rufe shi.

Ranar mayar da inji sarƙa ta zame, ta tafi da yatsu biyu na hannun Yunana na dama.

Daga asibiti gindin mangwaron ya wuce. Da hagu ya ƙarasa aikin, Tabita na riƙe masa sufana tana hawaye.

"Bari kuka, 'yar gidana," ya ce. "Ɗaure min wannan."

Inji ya tashi. Bature ya dawo bai san komai ba, Abarshi ya tsira da aikinsa. Yunana kuwa maigidan gareji ya sallame shi, wai me zai yi da mai yatsu uku. Abarshi da ƙafarsa ya je Sabon Gari ya ce a turo manya.

Ranar aure fasto ya ce su haɗa hannun dama. Yunana ya sunkuyar da kai, ya cusa nasa cikin aljihu. Abarshi ya taso, ya zaro hannun a gaban jama'a, ya ɗora na Tabita a kai.

"Wannan hannun na ba 'yata," ya ce. "Ɗana, ka gafarce ni. Allah ya yi muku albarka."

Tabita ta damƙe yatsun nan uku, coci ya amsa da amin.